Kamun Kifin Tirawut a Tafkunan Duwatsun Kolorado a Ƙarshen Kaka: Tambayoyi da Amsoshi

Na tashi a bakin Kogin Kwara, wajen Yawuri, inda yaro kan san fatsa tun kafin ya iya ɗaura wando da kyau. Da zama ya kawo ni jihar Kolorado ta Amurka, na ɗauka ni da kamun kifi mun yi ban kwana, sai wani maƙwabcina dattijo ya ja ni kan duwatsu wata Asabar ta watan Nuwamba. Tun daga ranar, ba wata kaka da ta wuce ban je ba. 'Yan'uwa da ke nan Denba da Aurora, da waɗanda ke zuwa karatu ko ziyara, sukan yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya idan suka ga kifin a kan faranti. Ga su nan na tara, da abin da na sani a kansu.

Wane irin kifi ne tirawut ɗin nan?

Dangin kifin salmon ne, ɗan ruwan sanyi. Jikinsa dogo ne mai santsi, da ɗigo-ɗigo, ɓawonsa ƙanana ƙwarai. Tarwaɗa takan rayu a kududdufi mai ɗumi da laka, har ta yi awanni a waje ba ta mutu ba. Shi kuwa tirawut, ruwa yana haura digiri 20 na ma'aunin Salshiyas zai fara galabaita, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 16.

A tafkunan Kolorado za ka haɗu da iri biyar. Akwai mai bakan gizo, wanda ke da jan layi a gefensa, shi ne hukuma ta fi zubawa a ruwa, asalinsa daga gaɓar tekun Fasifik. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda aka kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883, kifi ne mai wayo da taka-tsantsan. Akwai na ƙorama, ƙarami mai ado, da aka kawo daga gabashin ƙasar. Akwai na tafki, wanda mutanen nan ke kira Makino, shi ne babbansu. Sai ɗan gida, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa kamar an sa masa wuƙa. Wani jinsi na wannan ɗan gidan, mai koren baya, shi jihar ta ɗauka a matsayin kifinta na alama tun 1994.

Me zai kai mutum bakin ruwa cikin wannan sanyi? Ba gara a jira bazara ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa, domin dukan sirrin yana cikinta.

A watannin zafi ruwan tafki yakan rabu hawa-hawa. Na sama ya yi ɗumi, na ƙasa ya zauna da sanyinsa, ba sa gauraya. Tirawut sai ya gudu ƙasa, mita 10 ko 15 ko fiye, can tsakiyar tafki inda sai mai jirgi da na'urar hango kifi ke kai wa gare shi. Mai tsayawa a gaɓa a watan Yuli yakan yini yana jifa, ya koma gida da hannu biyu.

Da kaka ta shigo, dare ya yi tsawo, sai ruwan sama ya fara hucewa. Ruwa kuwa yana da wata ɗabi'a: ya fi nauyi a kusan digiri 4. Saboda haka na saman da ya huce sai ya yi nauyi ya nutse, iska ta taya shi, tafkin gaba ɗaya ya juye, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka. Masunta a nan suna cewa tafki ya juya. Kwanakin da ake cikin juyin ruwan yakan gurɓace, wani lokaci har da ɗan wari, kifi ba ya ci sosai. Ruwa ba ya tsami banza, idan ka tarar da shi haka ka ba shi mako guda. Amma da zarar ya lafa, sanyi da oksijin sun zama ɗaya daga sama har ƙasa, babu abin da ya tsare kifi a zurfi kuma. Sai ya fito gaɓa neman abinci, domin a nan ciyawar ruwa take, a nan ƙananan kifaye da ƙwari suke.

Ga kuma wani dalili. Mai ruwan ƙasa da na ƙorama da Makino duk a kaka suke zuba ƙwai, daga Oktoba zuwa Nuwamba, saboda haka manyansu sukan matso wuraren tsakuwa da bakin rafukan da ke shiga tafki. Mai bakan gizo sai bazara yake nasa, amma yakan bi su yana tsintar ƙwan da ruwa ya kwaso. Ni a ganina ƙarshen kaka shi ne rabon talaka, wanda ba shi da jirgi. Kifin da ya fi kowanne girma a duk waɗanda na taɓa kamawa, a ruwan da bai kai ƙuguna ba na same shi, taku kamar 15 daga inda na ajiye jakata.

Wane tafki zan fara da shi?

Idan daga Denba kake, ka nufi kwarin South Park, wani fili shimfiɗaɗɗe a tsakiyar duwatsu. Ka bi hanya mai lamba 285, ka haye mashigin Kenosha mai tsayin kusan mita 3,000, tafiyar awa biyu da wani abu. A kan Kogin South Platte akwai madatsun ruwa a jere. Eleven Mile, wadda aka kammala a 1932 don shayar da birnin Denba, tana kan tsayin mita 2,600 da ɗoriya, a buɗe take duk shekara, kuma an yarda a sa wa ƙugiya abinci a mafi yawan gaɓarta. A nan nake ba sabon shiga shawara ya fara. Sama da ita kaɗan akwai Spinney Mountain, ta birnin Aurora, wadda kifinta ya fi ƙiba amma dokarta ta fi tsauri: ba a sa wa ƙugiya abinci ko da tana ce, sai ƙwaron bogi na roba ko na gashi da cokalin ƙarfe mai ƙyalli da kifi ke ɗauka abinci ne, kuma kifi ɗaya tak za ka tafi da shi, shi ma sai ya kai inci 20. Akan rufe ta wajen tsakiyar Nuwamba, ko kafin nan idan ƙanƙara ta riga.

Mai son Makino sai ya ƙara nisa. Tafkin Granby yana arewa maso yamma da Denba. Blue Mesa kuma, kusa da garin Gunnison, ita ce ruwa mafi girma da ke kwance gaba ɗaya cikin jihar, an datse ta a 1966. A can aka kama wani Makino mai nauyin fam 50 da 'yan kai a 2007, wato kusan kilo 23. Wanda ya san giwan ruwa zai gane irin abin da nake nufi.

Ƙananan tafkunan can ƙololuwa, sama da mita 3,300, waɗanda sai an yi tafiyar ƙasa ake kai musu, ka bar su sai baɗi. Yawancinsu sun daskare tun Oktoba, hanyoyinsu kuma dusar ƙanƙara ta rufe.

Na isa bakin tafki, ga ruwa iya ganina. A ina zan tsaya?

Ka fara duba iska. Kowa yana son ya juya mata baya ya fake, amma kifi yana gaɓar da iska ke bugawa, domin can take tura ƙwari da duk abin da ke yawo a ruwa, igiyar ruwa kuma tana tono abinci daga laka. Inda ka ga ruwa mai laka ya haɗu da mai haske har sun yi layi, jefa a kan layin nan. Bayan haka ka nemi hancin ƙasa da ya shiga cikin ruwa, da gefen ciyawar da ta fara mutuwa, da inda gaɓa ta gangara farat ɗaya, da bakin rafi.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zo da sauri, ya faɗa ruwa har gwiwa, ya wurga can nesa iyakar ƙarfinsa. Ya riga ya kori kifin da ke gabansa. Ruwan kaka garai-garai yake, kana hango tsakuwa a zurfin mita 3. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, to a nan maganar ba karin magana ba ce kawai. Ka sa tufafi masu duhu, ka tsaya baya kaɗan daga bakin ruwa, kada inuwarka ta faɗa ciki, ka fara da jifa kusa sannan ka riƙa ƙara nisa. In ka yi rabin awa ba motsi, ɗauki kayanka ka matsa gaba. Tirawut na tafki yawo yake yi garke-garke a gefen gaɓa.

Sai na yi sammako?

A'a, kuma wannan na cikin daɗin lokacin. Da asuba sanyi kan kai digiri 10 ƙasa da sifili a South Park, kifi ma jikinsa a mace yake. Daga hantsi zuwa la'asar, sa'ad da rana ta ɗan taɓa ruwan gaɓa, shi ne lokacin ci. Mai ruwan ƙasa ne kawai ya fi son duhu-duhu, gab da magariba. Ranar da gari ya yi lumshi, ana shirin zubar dusar ƙanƙara, ta fi ranar da sama ta yi tas albarka. Sai dai iskar kwarin takan taso da ƙarfi bayan azahar, ka sa wannan a lissafi.

Wane kaya zan saya, me kuma zan sa wa ƙugiya?

Sandar fatsa mara nauyi mai tsawon kamar mita 2, da na'urar naɗe zare, da zare siriri mai ɗaukar kilo 2 zuwa 3. Kada ka kawo irin zaren da muke ja wa tarwaɗa da shi, kifin zai gan shi tun daga nesa.

Inda doka ta yarda da abinci, tana tana aiki a nan kamar yadda take yi a gida. Akwai kuma wani ƙulli mai wari da ake sayarwa a kwalba, PowerBait, wanda ke tasowa sama a ruwa. Sai ka sa dalma a zare, ka bar tazarar kamu uku zuwa huɗu tsakaninta da ƙugiya, dalmar ta kwanta a ƙasa, ƙullin ya tsaya a saman ciyawa daidai inda kifi ke wucewa. Mai bakan gizo da aka raina a gidan kiwo ba ya iya ƙyale shi. Kifi mai rai kuwa haramun ne a sa shi a ƙugiya a waɗannan ruwaye na kan tudu, kada ma ka fara.

Na fi son cokali. Ƙarfe ne mai ƙyalli, irin su Kastmaster, da kifin katako irin Rapala. Abin lura ɗaya ne: a hankali. Kifi jininsa yana bin sanyin ruwa, a digiri 5 ba zai yi tsere da abinci ba. Ka jefa, ka ƙirga zuwa 10 cokalin ya nutse, ka naɗe sannu-sannu, ka dakata, ka ci gaba. Sau da yawa a lokacin dakatawar nan yake kamawa, ba kuma fizga za ka ji ba, nauyi kawai za ka ji kamar ƙugiya ta maƙale a ciyawa. Ɗaga sandar.

Masu ƙwaron gashi suna amfani da wanda ya yi kama da matsattsaku, baƙi ko kore, mafi shahara shi ne Woolly Bugger, da kuma ƙananan da ke kwaikwayon tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda ke ƙyanƙyashewa ko cikin sanyi. Sukan rataye su ƙarƙashin wani ɗan abu mai iyo a saman ruwa, aikin da totuwa take yi mana muna yara. Makino kuma a ƙasa ake nemansa, da farar robar da aka cusa wa dalma, ana ɗagawa ana saki a kan duwatsu.

Zoben da zare ke bi a jikin sanda yakan toshe da ƙanƙara duk bayan 'yan jifa. Ka shafa musu man leɓe ko basilin tun a mota. Kada ka ɓalle ƙanƙarar da ƙarfi, tsoma sandar a ruwa ka girgiza.

Ana bukatar lasisi?

Ƙwarai. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yanki lasisi daga hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar, ta intanet ko a shagunan kayan su. Akwai na kwana ɗaya, akwai na shekara, baƙo ma yana iya yanka. Shiga Eleven Mile da Spinney kuma da kuɗin mota daban. A yawancin ruwayen jihar tirawut 4 aka yarda ka ɗauka a yini, kada kuma a same ka da fiye da 8 gaba ɗaya, har da na cikin firij. Amma tafkuna da yawa suna da tasu dokar, saboda haka ka karanta littafin dokokin shekarar da allon da ke bakin ruwa. Jami'ai suna zagayawa ko cikin sanyi, kuma "ban sani ba" ba ta hana tara.

Mai jirgi ya sani ana duba kowane jirgi kafin ya shiga ruwa, saboda wasu ƙananan halittu masu ɓawo irin na dodon-koɗi, baƙi a ruwayen nan, da ke toshe bututun madatsa. Wuraren dubawar sukan rufe kafin hunturu, daga nan sai gaɓa.

Yaya zan yi da sanyin?

Ɗan'uwa, a nan ne ba na wasa. Sanyin hunturun gida yana fasa leɓe da kaushi. Wannan yana kashe mutum.

Ka sa tufafi hawa uku: na jiki wanda ba ya riƙe gumi, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga kada ta taɓa fatarka, domin in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jikinka. Hula mai rufe kunne, safar ƙafa ta ulu, safar hannu biyu don ɗaya za ta jiƙe, da ɗan tawul na goge hannu duk lokacin da ka taɓa ruwa. In za ka sa wandon roba mai kai ƙirji, ka ɗaure shi da bel a ƙugu tamau. A bar cikakken canjin kaya a mota, cikin leda.

Na ga amfanin wannan da idona. Wata shekara, mako na biyu na Nuwamba, ina tsaye a kan wani dutse a gaɓa, feshin igiyar ruwa ya daskare a kansa ban lura ba. Na juya zan ɗauki ragar kwasar kifi, ƙafa ta tafi. Ruwan iya ƙirji ne kawai. Amma da ya taɓa ni numfashina ya ƙwace, na riƙa haki kamar wanda aka shaƙe, na kasa ko kiran abokin tafiyata da ke can gefe. Na fito da rarrafe. Daga nan zuwa mota bai fi tafiyar minti 5 ba, amma kafin in isa rigata ta sandare tana ƙara kamar busasshiyar fata, yatsuna kuma sun ƙi kama makulli. Shi ya buɗe motar, ya tuɓe mini takalma, ya kunna na'urar ɗumama, ya riƙe mini kofin shayi a baki. Da ni kaɗai ne, ban san yadda za ta ƙare ba.

Wani masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti 1 na farko na kokawa da numfashi ne, kada ka yi komai sai ka tsare bakinka daga ruwa har ya daidaita. Kana da kamar minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina yi maka biyayya, a cikinsu za ka fita. Sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Wanda ke cikin jirgi ko kwale-kwale ya sa rigar iyo a jikinsa, ba a ajiye a gefe ba. In ka ga abokinka yana karkarwa, magana tana harɗe masa, ya kasa ɗaura ƙugiya, su ya ƙare, ku koma mota. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka gaya wa na gida inda ka nufa, domin waya ba ta samun layi a wurare da yawa.

Gefen tafki ya daskare. Zan iya takawa?

Kada ka taka. Ƙanƙarar Nuwamba sabuwa ce, ba ta da kauri ɗaya. Sai ta kai aƙalla santimita 10, mai haske kuma, kafin ta ɗauki mutum, wannan kuwa sai an shiga Disamba sosai a yawancin madatsun.

Na je na dawo da ciwon kai da kasala. Me ya jawo?

Tsayi ne. Denba kanta tana kan mita 1,600, tafkunan kuma sun ɗara ta da mita 1,000. Daga mita 2,500 iska takan yi wa wasu ƙaranci, musamman wanda ya sauka daga jirgi jiya. Baƙo ya kwana biyu a gari tukuna. Ka sha ruwa da yawa ko ba ka jin ƙishi, ka rage sauri. In ciwon kan ya tsananta, ko amai ya zo, ko numfashi ya yi wuya kana zaune, magani shi ne a sauko. Mai ciwon sikila ko ciwon zuciya ya ga likitansa kafin ya hau, wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai.

Salla fa?

Yinin gajere ne. Bayan an mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba, rana takan yi tsaka kafin ƙarfe 12, ta faɗi kafin ƙarfe 5, saboda haka azahar da la'asar duk a bakin ruwa za su same ka. Nakan fito da alwalata daga gida, in kuma cika fulas biyu, ɗaya shayi ɗaya ruwan ɗumi. In alwala ta karye, a gefen mota nake yi inda iska ba ta bugawa, in goge jiki nan take in mayar da safa. Darduma mai roba a ƙasa ta fi, don ƙasar a jiƙe take ko a daskare. Hukuncin shafa a kan huffi da na taimama, a tambayi malami tun kafin a fito.

Me ya sa ake kama kifi a sake shi? Ba wahalar banza ba ce?

Ni ma da farko abin ya ɗaure mini kai, don a gida wanda ya saki kifi sai a ce a duba lafiyarsa. Amma ruwan nan sanyi ne, kifi ba ya girma da wuri. Makino babba yakan yi shekara 20 ko fiye kafin ya kai girmansa. In kowa ya tafi da irinsa, shekara kaɗan za a neme su a rasa. Nakan ɗauki matsakaita biyu ko uku na ci, in saki manya, musamman macen da cikinta ya cika da ƙwai.

Sakin ma da yadda ake yinsa. Ka danne ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin ka fara. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka cire ƙugiyar yana cikin ruwa. In iska ta yi ƙasa da sifili, daƙiƙu kaɗan a waje sun isa su daskarar masa da ido da jan naman da yake numfashi da shi, ya tafi kamar lafiya lau ya mutu daga baya. Wanda ya haɗiye ƙugiya har ciki, in doka ta yarda ka riƙe shi, in ba ta yarda ba ka yanke zaren. A bakin rafi kuma, in ka ga wani fili na tsakuwa ya yi fes, ya fi na kewaye haske, gidan ƙwai ne da uwar ta share da wutsiyarta. Zagaye shi.

A Blue Mesa lamarin ya sha bamban: hukuma tana ƙarfafa mutane su tafi da ƙananan Makino, don sun yi yawa suna cinye wani ɗan salmon da ake kira kokani.

Yana da daɗi kuwa? Yaya ake dafa shi?

Na kaka ya fi na kowane lokaci, namansa a tsuke, ga mai. Wanda ya daɗe a tafki yana cin ƙananan halittu dangin jatan lande, namansa yakan yi ja-ja kamar na salmon, wanda aka zuba kwanan nan kuwa fari ne, ɗanɗanonsa bai kai ba. Ka buge shi a kai da zarar ka yanke shawarar riƙe shi, ka fede shi ka cire baƙin jinin da ke bin ƙashin baya da babban yatsa. Sanyin gari ya isa ya tsare shi har gida.

Naman yana da laushi, ba ya jure doguwar dahuwa irin ta tarwaɗa, a miya yakan watse. Maiɗakina takan tsaga shi gefe-gefe, ta shafa gishiri da tafarnuwa da citta da yajin ƙuli, ta matsa lemun tsami, ta gasa minti 12 zuwa 15. In na farfesu ake so, sai romon ya gama haɗuwa a saka kifin, a sauke bayan minti kaɗan. Yana kuma karɓar banda sosai. Manyan Makino ne kawai ake taka-tsantsan da su, domin tsohon kifi mai cin kifi yakan tara sinadarin makuri a jikinsa. Akan kafa sanarwa a bakin tafkin da abin ya shafa, mai juna biyu da yara ƙanana su bi abin da ta ce.